Yadda za ka ɓoye abinci daga beyar in ka kwana a dajin Amurka

'Yan Kaduna masu tafiya karatu Amurka, in abokai sun ja ku kwanan daji a Yosemite, to can ba Kajuru ba ne, akwai beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, kuma hancinta ya fi na kare nesa ba kusa ba. Doka ce sai ka ɗauki wata robar mai tauri da murfin kulle, a ofishin dajin ma ana ba da haya. Duk abin da ke da ƙamshi jefa ciki, abinci, makilin, sabulu, turare, har shara, kar ka ce ai ɗan kilishi ne ka tura ƙarƙashin filo, wallahi tantin za ta yage. Kulle robar ka ajiye a ƙasa kamar mita 8 zuwa 15 daga inda kake kwana, nesa da rafi ko gangare don kar beyar ta gangarar da ita. Rataya abinci a bishiya kuwa an hana a can.