Darasi na 9: Idan saitin ƙaramar bindiga ya kafe ya ƙi fita

Toh ɗalibai, aikin yau an fi yin sa a Amurka, inda doka ta ba mutum damar ajiye fistol, wato ƙaramar bindiga, a gida har ya ɗan taɓa gyaranta. A Najeriya kam dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka kada wani ya tashi daga aji ya je ya jawo wa kansa.

Saiti, wato abin da ake auna hari da shi, biyu ne, na gaba da na baya, dukkansu a kan murfin sama mai zamewa. Kafin komai a cire gidan harsashi, a ja murfin a leƙa da ido a tabbatar babu harsashi a ciki, harsasan a kai su wani ɗaki. Sannan a raba murfin da jikin bindigar.

Na bayan nan shi ne mai taurin kai. Yana zaune cikin wani ɗan rami mai faɗi a ƙasa tsukakke a sama, ba a ɗaga shi, ta gefe ake turo shi, kuma ƙananan bindigogi irin su SIG P365 da ƙarfin inji aka danna nasu a masana'anta shi ya sa mutum zai yi ta bugu har gumi ya karyo masa abin ko gezau. A ɗiga masa man sassauta tsatsa ya kwana. Kashegari a naɗe murfin da fata ko salatif, a matse shi a mamatsin benci, a ɗora guntun sandar tagulla can ƙasan saitin a rinƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Tagulla fa, ba ƙusa ba, ƙusa tana zamewa ta bar tabo. Ni dai na fi yarda da na'urar tura saiti mai dunƙulen murɗawa, tsada ce kawai matsalarta.

Saitin gaba na fistol ƙirar Glock kuwa ɗan sukuru ne ya riƙe shi ta ciki, kwancewa kawai ake yi.

In sabon saitin da za a sa a baya ya ƙi shiga, ƙasansa ake gogewa da magagari kaɗan kaɗan ana gwadawa, kada a kuskura a goge ramin. Saiti masu haske da dare kuwa akwai 'yar kwalbar iskar tiritiyam mai ba da hasken a ciki, guduma tana iya fasa ta.

Aikin gida: rubuta kayan aiki 4 da aka ambata, sannan ka faɗi dalilin da ya sa ake zaɓar tagulla.