Yadda ake lissafin ƙarfin tashin iska mai zafi da tsakar rana

Da bazara a Gusau, wajen ƙarfe biyu na rana, za ka ga shirwa na shawagi ba ta ko kaɗa fiffike, guguwa na tashi a gonakin da ba a yi shuka ba. Ƙasa ce ta gasu, iskar da ke kanta take hawa sama dunƙule-dunƙule. Lambobi uku kacal nake sa ɗalibaina su nemo don sanin ƙarfin hawan nan, bisa tsarin da masanin yanayi James Deardorff ya kawo a 1970.

Fara da zafin da ƙasa ke ba iska. A ce na'ura ta nuna wat 300 a kowace murabba'in mita. Raba da 1,200, wato kimanin zafin da ke ɗaga ɗumin kubik mita ɗaya na iska da digiri ɗaya, ka sami 0.25. Sai zurfin inda iskar ke gaurayuwa, ana rubuta shi zi: daga ƙasa har inda iska mai ɗumi ta yi masa murfi. Balan-balan ɗin auna yanayi ke nuna shi. Mu ce mita 3,000. Ta uku, raba 9.8 da ɗumin iska a ma'aunin Kelvin (wato digirin Celsius a ƙara masa 273), a ce 310, ya ba ka 0.032.

Ninka su duka, 24 ke nan. Nemi lambar da in ka jera ta sau uku ka ninka za ta ba da 24: 2.9. Ita ce w*, wato ma'aunin saurin hawan iskar, mita 2.9 a daƙiƙa. Raba zi da ita, ka ga iska na ɗaukar kimanin minti 17 daga ƙasa zuwa murfin.

Yanzu in ka auna saurin iska a tsayi daban-daban, raba kowane tsayi da zi, kowane saurin hawa ko sauka da w*, ka zana sakamakon a jadawali. Nan abin yake burge ni: awon Zamfara ya kamata ya hau layi guda da wanda aka yi a Minnesota ta Amurka a 1973, motsin ya fi ƙarfi wajen sulusin zi, kusan 0.6 na w*.

Sai dai ka kiyaye. Idan iskar hunturu na kaɗawa da ƙarfi, gogayyarta da ƙasa ce ke gauraya iskar, tsarin nan ba zai riƙe ba. A fadamar shinkafa ta Argungu kuwa, yawancin zafin rana na tafiya wajen mai da ruwa tururi, kuma tururi ya fi busasshiyar iska sauƙi, don haka dole ka ƙara nasa kason cikin lambar farko.