Yadda ake haɗa keke da tuƙa shi a kan duwatsu: darasi daga Paris-Roubaix

Galibi a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, ake yin manyan tseren keke guda biyu na yini ɗaya a kan hanyoyin da aka shimfiɗa wa duwatsu. Na farko shi ne Zagayen Flanders a Beljiyam, wanda aka soma a 1913, mai gajerun hawa irin su Oude Kwaremont da Paterberg da Koppenberg. Mako guda bayansa sai Paris-Roubaix a arewacin Faransa, da ake yi tun 1896: fiye da kilomita 250, kusan 55 daga ciki duwatsu ne, an rarraba su yanki-yanki wajen 30. Wanda ya yi nasara dutse ake ba shi a matsayin kofi. Dabarun waɗannan 'yan tsere su ne ainihin abin da mai keken tsere ke bukata a titunan unguwanninmu masu bulo da hanyoyin jan ƙasa masu gargada.

A fara da taya, domin nan ne yawancin aikin yake. A Roubaix yanzu ana hawa taya mai faɗin milimita 30 zuwa 32, galibi marar tib, da ruwan liƙe huda a ciki. Kafin ka sayi mai faɗi, auna kekenka: a bar aƙalla milimita 4 tsakanin taya da ƙarfen keke ta kowane gefe, in ba haka ba laka da tsakuwa za su riƙa cin fenti har su kai ga jiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika iska har taya ta zama dutse. Taya mai tauri tsalle take yi, kuma duk tsalle ƙarfin ƙafarka ne ke tafiya a banza. Mai nauyin kilo 70 a kan milimita 32 marar tib ya fara da bar 3.5 zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne a agogon famfo), ta gaba ta gaza ta baya kaɗan. In da tib a ciki, ƙara rabin bar, domin idan iska ta yi kaɗan, bakin dutse na matse tib ɗin da rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa, sai ka ga huda biyu dab da juna kamar saran maciji. Famfo mai agogo ya zama dole. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne. A wajenmu akwai kuma ƙayar tsidau da ta aduwa, waɗanda ruwan liƙe huda ke maganinsu, amma zafi na saurin busar da shi, saboda haka a duba shi duk wata biyu.

Sauran gyaran ba shi da tsada. Naɗa tef biyu a kan keken, wato inda hannu ke riƙewa, ɗaya bisa ɗaya. Matse marikin gorar ruwa da hannu ya kama sosai, don gorar da ta faɗo ita ke kayar da na baya. Bi kusoshin kai da na sirdi ka ɗaure su daidai awon da aka rubuta a jiki, sau da yawa Nm 5 ne ga kusoshin kai (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Sarƙa kuma a sa mata mai marar danƙo, a goge ragowar, in ba haka ba ƙura ta manne ta cinye haƙora.

Wajen tuƙi, gudu ne ke rage girgiza. Shiga da ƙarfinka, ka sa giya mai ɗan nauyi fiye da ta kwalta, ka zauna can bayan sirdi. Riƙe saman kai sakwa-sakwa, gwiwar hannu a lanƙwashe, ka bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. Wanda ya damƙe da ƙarfi, tafin hannunsa ne zai yi bororo. Bi tsakiyar hanya inda ta ɗan tudu. Gefe ya fi santsi a ido, amma can ramuka da tarkace suke taruwa. Ido ya kasance mita goma gaba. Birki da shan ruwa a gama su kafin a shiga, kuma a kwana kada a taɓa birkin gaba. A hawa irin na Koppenberg, inda tsananin ya kai kashi 22 cikin ɗari, zama ake yi, domin da ka miƙe tayar baya za ta zame.

In kuna tafiya a ayari, wuri ake nema tun kafin duwatsun. Shi ya sa ake kokawar shiga dajin Arenberg, wani yankin duwatsu na Paris-Roubaix mai tsawon kilomita 2.3, cikin sahun farko: na baya ba ya ganin rami, kuma in ɗaya ya faɗi hanya ta toshe. Duk da haka taya na iya yanke hukunci. A 2023 ta ɗan tsere Wout van Aert ta fashe a Carrefour de l'Arbre, wani yankin duwatsu dab da ƙarshen tseren, abokin karawarsa Mathieu van der Poel ya wuce shi kaɗai har filin Roubaix. Mai son ganin wannan yankin kai tsaye ya tuna agogon Faransa na gaban namu da awa ɗaya a Afrilu, ya zauna gaban talabijin tun bayan azahar.