Yadda Ake Zagaya Gidajen Tarihin Birnin Winnipeg

Duk wanda ya leƙa ta tagar jirgi lokacin sauka a Winnipeg, abin da zai gani fili ne shimfiɗe kamar tabarma, babu dutse babu tudu, sai gonakin alkama da kanola har inda ido ya tsaya. Wannan ne ke sa baƙo ya ɗauka garin ba shi da labari. 'Yan'uwanmu da yawa da suka zo karatu ko aiki a jihar Manitoba ta ƙasar Kanada sukan yi shekara uku, huɗu, daga gida sai wurin aiki sai kanti, ba su taɓa taka ƙofar gidan tarihi ko ɗaya ba. Abin yana damuna, don mutum yana zaune a ƙasar wasu, yana shan ruwanta, bai san yadda aka yi ta zama haka ba. Ga hanyar da nake bi da baƙina, kuma jerin yana da muhimmanci, domin kowane wuri shi ke buɗe maka ƙofar na gaba.

Mataki na farko: zaɓi lokaci, ka ware kwana biyu ko uku

Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba ne komai ke buɗe. Wuraren da ke fili, irin su tsohuwar ganuwar da zan ambata a ƙarshe, ba sa cikakken aiki da hunturu. A watan Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wani lokaci ya wuce, kuma a irin wannan yanayi batirin waya kan mutu a aljihu cikin ɗan lokaci. In da hunturu ka zo, tsaya ga gidajen da ke cikin gini, ka sa takalmi mai ɗumi da safar hannu ta gaske. In da bazara ne, kada ka manta maganin sauro, musamman a bakin kogi da yamma.

Duba shafin kowane gida a intanet daren da za ka fita. Da yawansu ba sa buɗewa ranar Litinin, kuma tsofaffin gine-gine kan rufe saboda gyara. Tafi da katin ɗalibi in kana da shi, ana rage kuɗin shiga. A ƙarshen Mayu kuma akwai Asabar da Lahadin da ake kira Doors Open Winnipeg, inda ake buɗe tsofaffin gine-gine da dama kyauta.

Mataki na biyu: fara daga mahaɗar koguna

Kada ka fara da gini. Je wurin da ake kira The Forks, inda kogin Assiniboine ya zubo cikin kogin Red. Sauka matakalar har bakin ruwa ka tsaya. Ruwan jaja-jaja ne, mai laka, yana tafiya a hankali. Masu tonon ƙasa sun samo shaidar cewa mutane sun fi shekara 6,000 suna haɗuwa a nan, suna kamun kifi, suna musayar kaya. A ƙasar da babu dutse babu tudu, kogi shi ne hanya, mahaɗar koguna kuma ita ce kasuwa. Wanda ya san yadda Lokoja ta kafu a mahaɗar Kwara da Binuwai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A nan za ka fara cin karo da sunayen al'ummomin asalin ƙasar, waɗanda za su bi ka ko'ina: Anishinabe, Kiri, Dakota, Dene, da kuma Meti. Waɗannan na ƙarshe jikokin auratayya ne tsakanin fataken Turawa, akasari masu jin Faransanci, da matan mutanen ƙasar, har suka zama al'umma mai harshenta da tutarta. Riƙe sunansu da kyau, don rabin labarin garin nasu ne.

Mataki na uku: Manitoba Museum, ka ba shi awa uku

Daga The Forks tafiyar kamar minti ashirin ce a ƙafa zuwa titin Rupert. Da shigarka za ka yi arba da ɓaunaye a guje, mafarauci Meti a kan doki yana bin su. Kada ka ɗauki hoto ka wuce. Ɓaunar nan ita ce abinci, ita ce sutura, ita ce tanti. Namanta ake busarwa a daka, a cakuɗa da kitse, wani lokaci da 'ya'yan itatuwa, a ɗinke cikin fata. Sunansa femikan, ɗan'uwan dambun nama ne, sai dai shi yana shekara bai lalace ba. Da shi masu tuƙa kwalekwalen fatauci ke guzuri. Da aka ƙarar da garkunan ɓauna kafin ƙarshen shekarun 1870, yunwa ta shiga gidajen mutanen filin, kuma wannan yunwar na cikin abin da ya tura da yawansu zaman yarjejeniya da gwamnati.

Sai ka wuce zuwa jirgin ruwa. A tsakiyar ƙasar da teku ya yi mata nisa, za ka shiga wani ɗaki mai tsawon rufi ka tarar da cikakken jirgin katako da igiyoyinsa, an kewaye shi da tashar ruwa irin ta Ingila ta da. Kwafin Nonsuch ne, jirgin da ya taso daga Ingila a 1668, ya yi hunturu a arewacin Kanada, ya koma da fatun dabbobi. Ribar wannan tafiya ce ta haifar da kamfanin Hudson's Bay a 1670. An ƙera kwafin a Ingila a 1968, aka kawo shi nan, sannan aka gina ɗakin a kansa. In an ba da izinin hawa, hau. Tsawonsa bai kai mita 20 ba. Dubi wurin kwanan matuƙan, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye, ka tuna da wannan suka ratsa teku.

Abin da nake so ka lura da shi a nan: sarkin Ingila ya ba kamfanin 'yan kasuwa takardar mallakar ƙasar da shi kansa bai taɓa gani ba, ƙasar da ke da masu ita. Bayan shekara ɗari biyu kamfanin ya miƙa ta, ta koma hannun Kanada a 1870, aka biya shi fam 300,000. Mu ma mun san wannan salo. Kamfanin Royal Niger ya samu irin wannan takarda a 1886, kuma a farkon 1900 ya miƙa yankunansa ga gwamnatin Birtaniya aka biya shi. Ba a tambayi mutanen Sakkwato ba, ba a tambayi mutanen kogin Red ba. Duk Bahaushen da na kai ɗakin nan, a wannan gaɓar yake yin shiru.

Mataki na huɗu: taka unguwar Exchange a ƙafa

Kana fitowa kana cikinta. Tsofaffin rumbunan kaya da bankuna ne na bulo da dutse, kusan 150, akasarinsu an gina su tsakanin shekarun 1880 da farkon yaƙin duniya na ɗaya, lokacin da alkamar yammacin Kanada ke bi ta Winnipeg a jirgin ƙasa. Ɗaga kai ka ga tallace-tallacen da aka rubuta da fenti a jikin bango, sun koɗe amma ana karantawa. A waɗannan tituna aka yi yajin aikin gama-gari na 1919, inda ma'aikata fiye da 30,000 suka ajiye aiki na mako shida. Awa guda ta isa.

Mataki na biyar: ƙetara gada zuwa St. Boniface

Wannan na rana ta biyu ne da safe. Daga The Forks akwai gadar masu tafiya a ƙafa, Esplanade Riel. Kana sauka a ɗaya gefen za ka ga allunan tituna sun koma Faransanci, kuma ɗan'uwa daga Nijar ko Kamaru ko Chadi zai sake jiki a nan.

Nufi babban cocin. Gobara ta cinye shi a 1968, sai bangon gaba ya tsira, da wata ƙatuwar taga zagayayya wadda yanzu ba gilashi, sararin sama kawai ake gani ta cikinta. A maƙabartar da ke gabansa kabarin Louis Riel yake. An haife shi a wannan unguwa a 1844. Lokacin da Kanada ta turo masu awon ƙasa kafin ma a kammala miƙa yankin, shi ya jagoranci Meti suka kafa gwamnatin wucin gadi, suka tilasta a zauna da su, kuma daga wannan zama aka samu jihar Manitoba a 1870. A 1885 ya sake jagorantar wani tashin a Saskatchewan, aka ci su a Batoche, aka rataye shi a Regina ranar 16 ga Nuwamba bisa laifin cin amanar ƙasa. Yau akwai ranar hutu da sunansa kowane Fabrairu, kuma a 2023 majalisar jihar ta yi doka ta ba shi laƙabin firimiyan Manitoba na farko.

Maƙabarta ce da ke da masu ziyara, don haka rage murya, kada yara su hau duwatsun. Kusa da ita akwai gidan tarihin St. Boniface, wanda asalinsa mazaunin sistoci ne da aka fara ginawa a 1846 da gumaguman itacen oak. Shi ne gini mafi tsufa da ya rage a birnin. Tabbatar yana buɗe kafin ka je.

Mataki na shida: gidan tarihin 'yancin ɗan'adam, kada ka haɗa shi da gaggawa

In ka juyo kan gadar, ginin gilashin da ke gabanka mai dogon tsini shi ne Canadian Museum for Human Rights, wanda aka buɗe a 2014. Ciro takardar dala goma ta Kanada ka duba bayanta, shi ne a jiki. Ana shiga ta ƙasa cikin duhu-duhu, sai a riƙa hawa ta wasu hanyoyi masu gangara da aka lulluɓe da farin dutse mai haske daga ciki, har a kai hasumiyar da ake hango garin duka. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa su hau lif.

Ba gidan tukwane da takubba ba ne irin Gidan Makama. Labarai ne da muryoyi: kisan Yahudawa a Turai, yunwar da aka ƙaƙaba wa Yukiren, kisan ƙare dangi na Ruwanda. Amma inda ya fi kamata ka daɗe shi ne labarin makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka raba yara kimanin 150,000 na mutanen ƙasar da iyayensu, aka aske musu kai, aka hana su magana da harshensu. Dubbai ba su koma gida ba. Makarantar ƙarshe sai a shekarun 1990 aka rufe ta. Wannan ba tarihin kaka da kakanni ba ne, wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa za ka iya zama kusa da su a bas. Mai ƙoƙarin ganin 'ya'yansa sun riƙe Hausa a ƙasar waje zai ji wannan har cikin ƙashinsa. In da ƙananan yara ka zo, tambayi ma'aikata ɗakunan da suka dace da su tun a ƙofa.

Maganar salla: da bazara rana na daɗewa, magariba kan wuce ƙarfe tara na dare a watan Yuni, da hunturu kuma azahar da la'asar da magariba duk a matse suke. Ɗauki ƙaramar darduma. Akwai masallaci a titin Ellice, ba nisa da tsakiyar gari.

In lokaci ya ragu, leƙa Qaumajuq da ke haɗe da gidan zane-zanen birnin, wanda aka buɗe a 2021. Dubban sassaƙe-sassaƙen dutse na mutanen Inuit, 'yan asalin can ƙuryar arewacin Kanada, ne jere a cikin wani rumbun gilashi mai hawa-hawa.

Mataki na bakwai: fita gari zuwa Lower Fort Garry

Kilomita kamar 30 ne arewa, kan hanyar Selkirk, a gaɓar kogin Red. Nemi mota ko ku yi karo-karo, don bas ɗin cikin gari ba ya kaiwa. Kamfanin Hudson's Bay ya fara gina shi da farar ƙasa da dutse a farkon shekarun 1830, bayan ambaliyar 1826 ta lalata sansaninsa na The Forks. Da bazara ma'aikata kan sa tufafin wancan zamani. Shiga maƙera ka ga ana hura wuta ana dukan ƙarfe, ka hau benen ajiyar fatu inda suke rataye reras, warin jima ya cika ɗakin. Yi tambaya, aikinsu ke nan, kuma suna jin daɗin mai tambaya.

A nan aka sa hannu kan Yarjejeniya ta Ɗaya ranar 3 ga Agusta, 1871, tsakanin wakilan sarauniyar Ingila da shugabannin Anishinabe da Kiri. Takardar ta ce an sallama ƙasar. Jikokin shugabannin suna cewa kakanninsu sun yarda a zauna tare ne a ci arzikinta, ba sayarwa suka yi ba. Abin da aka rubuta musu shi ne eka 160 ga kowane iyali mai mutum biyar, da dala uku ga kowane mutum a shekara, aka mayar da ita biyar a 1875. Har yau dala biyar ɗin ake biya. Daga ranar da ka tsaya a wurin, duk taron da ka je a Winnipeg ka ji mai gabatarwa ya fara da cewa muna kan ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya, mahaifar Meti na kogin Red, za ka tuna ƙofar ganuwar da kogin da ke gangarawa a gabanta.