Yadda Ake Shuka Furen Deyilili Irin Stella de Oro

Deyilili fure ne da asalinsa daga gabashin Asiya yake, kowane furensa kuma kwana ɗaya tak yake yi ya yanƙwane. Kada hakan ya sa ka karaya, don kara ɗaya na ɗauke da toho da yawa, yau wannan ya buɗe, gobe wancan. Irin Stella de Oro gajere ne, furensa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, kuma yana maimaita fure.

Da farko nemi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6, inda ruwa ba ya kwanciya. Ka kafce ƙasar, ka cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki.

Haƙa rami, ka tara 'yar tudun ƙasa a tsakiya, ka baza saiwoyin a kai. Nan ne mutane suka fi kuskure: wuyan shukar, inda ganye ya haɗu da saiwa, kada ya nutse fiye da santimita 3. In ka binne shi can ƙasa, sai ka yi ta ganin ganye kore shar amma fure shiru. Bar tazarar santimita 45 tsakanin shuka da shuka.

Ka ba shi ruwa ya ƙoshi, sannan sau ɗaya a mako. Da safe ka tsinke furen jiya da yatsu, kada ya ɗaura iri.

Bayan shekara 3 ko 4, in ya cunkushe, tone shi ka rarraba ka sake dasawa.

Don Allah, in kana da kyanwa, nisanta ta da shi, domin guba ne gare ta, yana lalata mata ƙoda.