Yadda na shawo kan ƙullin fanke da ya ƙi tashi da hunturu

Da sanyin Janairu ya kankama a Gusau, ƙullin fanken da nake soya wa yara ya daina tashi. In kwaɓa bayan asuba, har hantsi yana kwance, in an soya ya sha mai ya yi tauri.

Yis abu ne mai rai. Sanyi yana sa shi kasala, ruwa mai zafi sosai kuma kashe shi yake yi, ga ruwan randa a hunturu kamar ƙanƙara. Yanzu ina sirka ruwa ya yi ɗumin da za ki yi wa jariri wanka, in zuba yis da cokalin sukari a kofi, in ba shi minti 10. In ya yi kumfa, da ransa. In bai yi ba, aika a sayo wani, kada ki yi asarar fulawa.

Bayan kwaɓi sai in rufe robar da leda da tsohon zani, in zaunar da ita cikin baho mai ruwan ɗumi. Kafin awa ɗaya ya cika roba.

Saura autata mai rarrafe, ba ta ganin murfi ta ƙyale. Bahon yana kan teburin kicin, ita kuma tana bayana a goye har in gama suya.