Yadda ake sayo a-kori-kura ta hannu daga Kanada zuwa Amurka ba tare da an yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Sai ka ga a-kori-kura biyu, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, amma kuɗinsu ya sha bamban. Dalili shi ne kowace mota hawa-hawa take fitowa. Ford F-150 tana farawa daga XL, motar aiki zalla, sai XLT, Lariat, King Ranch da Platinum. Ram 1500 kuma daga Tradesman take hawa zuwa Big Horn, Laramie da Limited.

Da farko, kada ka yarda da tambarin da ke jikin mota, domin ɓamɓare shi a liƙa wani ba ya cin minti goma. Nemi lambar VIN, wato lambar shaidar mota, mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma kan takardar da ke liƙe a bakin ƙofarsa. Dole biyun su dace. Kai lambar wurin dilan kamfanin ya fitar maka da jerin kayan da aka ƙera motar da su. Wannan takarda ita ce alƙali, ba bakin dillali ba.

Sannan ka sani sunaye ba sa tsallaka iyaka daidai. A Kanada za ka ga F-150 da tambarin XTR. Ba wani hawa ba ne na daban, XLT ce aka ƙara wa kwalliya. Kada ka biya kuɗin Lariat a kanta.

Duba awon tafiya. Kanada da kilomita take lissafi, Amurka da mil, kuma kilomita 160,000 kusan mil 100,000 ne. In an canja agogon awon tafiyar, nemi shaidar lambar da tsohon ya nuna.

Yanzu sai ka shiga ƙarƙashinta da tocila, kuma nan nake so ka daɗe. A lardunan Ontariyo da Kebek na Kanada ana watsa gishiri a titi lokacin hunturu, gishiri kuwa cin ƙarfe yake yi. Tun 2015 bodin F-150 na alminiyum ne, sai ta yi ta ƙyalli a sama, alhali shasinta ƙarfe ne. Ƙwanƙwasa shi da guduma. In tsatsa tana zubowa ɓawo-ɓawo, haƙura da ita komai arharta.

Karɓi rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, don ganin haɗari da bashin da ke kanta, ka kuma tambaya ko garantin kamfani zai bi ta zuwa Amurka.

Kafin ka biya ko sisi, nemi wasiƙar kamfani mai tabbatar da cewa motar ta cika ƙa'idojin Amurka na kariya da hayaƙi. A bakin iyaka kwastan za su buƙaci fom HS-7 da fom 3520-1 na EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka. Tambaye su kuɗin fito a makon da za ka tsallaka, domin yana canjawa.